Karen Filibus da Ya Fito da Nono

Duk wanda ya san Kaboji ya san Filibus Na'Allah. Da damina manomin dawa ne, shiru-shiru, sai ka rantse ba ya da baki. Amma da zarar an gama girbi, ya saɓa gora, karnuka suka bi bayansa, to sai ka toshe kunne. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, na sha labarin farauta har na ƙoshi.

Filibus yana da dabarar zaɓen kwikwiyo da ya gada wurin mahaifinsa. Ba ya duba ƙafa, ba ya duba haƙori. Birkice kwikwiyon yake yi ya laluba ƙasansa. In ɗan maraina ɗaya ne ya sauko, ɗayan ya maƙale a ciki, shi ke nan, an samu kare! Wai irin wannan ya ɓoye rabin mazantakarsa, don haka ba ya gajiya. Haka ya samu Duna, baƙin karen da ya shekara bakwai babu mai shan gabansa a dajinmu.

Bara sai abu ya ɓaci. Gashin Duna ya fara zubewa ta gefe biyu, nonuwansa suka kumbura kamar na karya mai shayarwa. Abin kunyar ma, karnukan unguwa suka riƙa binsa suna shinshina. Buba, shugaban mafarautanmu, ya tako har ƙofar gida.

"Filibus, wannan ba ciwo ba ne, jifa ne. Namiji ya koma mace? Kafin ranar fita farauta ka kashe shi, ko mu kashe maka. Ba zai ja mana tsiya a daji ba."

Saura kwana tara. Na tarar da Filibus zaune ya rungume kan karen, sai tausayi ya kama ni, duk da Dunan nan ya taɓa cinye mini kaji biyu. Washegari ya naɗe shi a buhu, na goya su a babur har asibitin dabbobi na Kontagora, kare na leƙe, mutane na nuna mu da yatsa.

Likitar dabbobin, wata matashiya mai suna Salihatu, ta tattaɓa cikin Duna, ta tambayi ina ɗaya ɗan marainan. Filibus ya gyara murya ya zuba mata karatun mahaifinsa. Ta bari ya gama.

"Baba, ba mazantaka ya ɓoye ba, ciwo ya ɓoye. A cikin maraina akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu raino ne, su ke ciyar da ƙwayoyin haihuwa, su kare su har su ƙosa. In ɗan maraina ya maƙale a zafin ciki, masu rainon nan sukan rikiɗe su zama ƙari. Ƙarin ne ke zuba masa sinadarin mace a jini."

"To yana fita, 'yata?"

"Yawanci ba ya bazuwa. In bai bazu ba, yau ma zai fita."

Filibus ya zabura ya miƙe har hularsa ta faɗi! Bayan tiyata aka nuno mana abin a faranti, ya fi ƙwan agwagwa girma. Ya roƙa aka sa masa a kwalba. Muna isa gida ya dire ta gaban Buba.

"Ga jifan naka nan, kalle shi da kyau!"

Buba ya juya kwalbar, ya sake juyawa, ya ce to a bar karen a gani.

An kuwa gani. Kafin damina ta yi nisa gashi ya dawo baƙi ƙirin, nonuwa suka motse. Fitar farko ta bana, Duna ne ya danƙo zomo kafin sauran su ankara. Ni da ba na farauta, sai da na yi ihu har muryata ta dushe.

Satin jiya Buba da kansa ya kawo masa kyautar kwikwiyo, yana ta washe baki wai mai ɗan maraina ɗaya ne. Filibus ya birkice shi ya laluba, Duna na kwance a ƙafarsa.

"Allah ya ba mahaifina hutawa, amma a nan ya yi kuskure." Filibus ya juyo gare ni. "Maƙwabci, ta da babur, mu kai shi wurin likita."