Ƙafar Ɗan Fari

A gidanmu ba a mai da baƙo. Ko kifi ɗaya ya rage kan banda, shi za a ɓare a raba. Haka na taso, haka na tsufa a bakin ruwan nan na wajen Ngaski, ina bandar kifi ina kaiwa kasuwar Yelwa, kuma babu mai cewa ya zo ƙofata ya koma da ɓacin rai. Sai mutum ɗaya, shi ma a ƙofar asibiti ne.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, jirgin inji yake tuƙawa, shina ƙetarar da mutane da buhunan albasa. Wata rana tsohuwar igiyar tarun kamun kifi ta naɗe masa farfelar inji. Ya shiga ruwa shina warwarewa, farfelar ta juya, ta tsage masa ƙwauri har ana hangen ƙashi. Anka kai shi asibiti a Yelwa, anka wanke, anka ɗinke, likita ya ce a gode wa Allah, abin ya zo da sauƙi.

To, kun san mu da dubiya. Duk wanda ya ƙetaro kasuwa sai ya biyo. Kowa ya zo sai ya ce, "Mu gani." A ɗaga gefen bandeji, a ce ashsha, a danna da yatsan da ya gama juya kifi, sannan a karanta abin da ya sawwaƙa a tofa a kan ciwon. Babu mai nufin sharri a cikinsu, ƙauna ce tsagwaronta. Ni kuwa ina can ƙarshen baranda, don uwa ba ta zama kusa da ɗan fari a idon jama'a. Matarsa ke jinyarsa, yarinya mai kunya. Wa za ta hana?

Ba a daɗe ba ƙafa ta kumbura, ta yi sheƙi. Na shiga kai kunu, hancina ya gaya mini tun kafin likita ya faɗa, don wadda ta tsufa cikin kifi ta san warin abin da ya soma juyawa. Anka farke ɗinkin, anka kwashe mugunya. Likita ya ce a gabana, in ya sake ruɓewa, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa. Mai jirgi da ƙafa ɗaya, ya tura jirgi da wace, ya tsaya da wace? Ga 'ya'ya ƙanana.

Akwai wata nas a ɗakin, Bakambara, Kirista, gajeruwa, tana tafiya kamar ana korarta. Ita ta same ni a baranda.

"Inna, zo ki ga wani abu."

Ta kai ni bakin wani ɗan ɗaki. Ga wata tukunyar ƙarfe an ɗaure murfinta tam, tana huci.

"Mi kuke dafawa?"

"Almakashi da hantsaki."

"Da wace miya ake cin su?"

Ta yi dariya, sannan ta ce duk ƙarfen da zai taɓa ciwo sai ya dahu cikin wannan zafin, don akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, ruwan sanyi ba ya kashe su. Ta nuna mini safar hannu ta roba, wadda take sawa sau ɗaya ta jefar. Na ce wannan ai ɓarna ce, ta riƙa tara mini in yi gyaran kifi da su. Ta ce ko da wasa, ƙonawa ake yi.

"Inna, mu muna dafa ƙarfe saboda ƙafar ɗanki, sannan baƙi su zo su tofa mata yawu. Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina sa shi a tawa. Yawun ne da yatsun. In na yi magana a ce 'yar asibiti ta raina manya. Wa suke shakka a gidanku?"

Na ce, "Bayan Allah, ni."

Daga ranar na ɗauke tabarmata daga ƙarshen baranda na shimfiɗa ta a bakin ƙofar ɗakin, kusa da wani bokiti mai famfo da sabulu a kansa. Da can ma shina nan, mu dai mun ɗauka na ma'aikata ne. Duk wanda ya zo, in ce wanke hannu, shiga ka gaishe shi daga tsaye, bandeji kuwa ba naka ba ne.

Wata taubashiyata ta iso da ƙwaryar fura, ta ce, "Ke tsohuwa, yaushe anka ɗauke ki aiki? Ina farar rigar?"

"Tana wurin tela. Wanke, ƙazama, har ƙarƙashin farce, ga ɓawon kifi can ina hange."

Ta wanke tana zagina, ta shiga. Yawancinsu haka sunka yi, ɗan gunaguni, ɗan dariya, a wuce.

Sai ranar da Yaya ya zo. Wan marigayi maigidana ne, kuma shi ya riƙe yaron tun yaye, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Shi ya koya masa iyo, shi ya yi masa aure. A ƙauyenmu in kunama ta harbi yaro ko kifin ƙurungu ya soki masunci, wurinsa ake zuwa tofi. Ciwon baya ya hana shi zuwa da fari, ranar kuwa sai da anka ciccibo shi cikin jirgi. Na hango shi da sanda, leɓunansa na motsi, tun a hanya ya soma karatun da zai tofa.

Na durƙusa na gaishe shi. Na tara masa famfo ya wanke hannu. Ya nufi gado, ya miƙa hannu ga bandeji, sai na sha gabansa.

"Yaya, a yi haƙuri. Ba a buɗewa."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Ni za ki hana? Ke haihuwarsa kawai kinka yi."

"Gaskiya ne."

"Yau ke ce ke tsaron ɗan fari a gaban jama'a? Ina kunyar?"

Wallahi maganar ta shige ni. Yaron ya juya fuska ga bango, don ba shi da bakin shiga tsakaninmu.

Na ce, "Yaya, kunyata tana nan, in an sallame shi in ɗauki abata. Wanda kake roƙo Shina gani ta cikin bandeji. Ka yi masa daga nan."

Bai yi daga nan ba. Ya juya ya fita, abincin da anka ajiye masa ma bai kalla ba. Na bi shi da ido har bakin titi, tsoho ya ƙetaro ruwa da ciwon baya ya koma da addu'arsa a baki. Na zauna wajen bokitin, na yi kamar ina wanke fuska.

Nas ɗin ta wuce da farantin ƙarfenta a rufe, ta ce a hankali, "Sannu, Inna."

Kullum da safe ita kaɗai ke buɗe ciwon, da sabuwar safa da ƙarfen da ya fito tukunya. Ina leƙe daga ƙofa. Kumburi ya soma saɓewa, naman ya koma ja, warin ya ɗauke. Ranar da likita ya ce ƙafa ta tsira, matar yaron ta fashe da kuka, ni kuwa na tashi na naɗe tabarma.

Yaya bai amsa gaisuwata ba har ruwa ya ja baya a shekarar. Ban ga laifinsa ba. Daga baya matar Yaya ta gaya mini cewa tun daga ranar, bayan kowace salla sai ya fuskanci wajen Yelwa ya yi karatunsa ya tofa a iska. Na ce to, ta isa inda aka aike ta.

Da yaron ya koma aiki, na sauka bakin ruwa sayen kifi da safe, na tarar har sun tashi, sai ƙarar inji daga nesa. A cikin taɓo, daga tudu zuwa inda jirginsa ke kwana, ga sawunsa nan, ɗaya ya nutse sosai, ɗaya sama-sama. Amma biyu ne.