Marvella Tallio da Gashin Beyar na Bana

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, mijinki Cecil ya bugo mini waya da hantsi, ya ce kin cika a asibiti bayan ciwon da kika ɓoye mana tun cikin hunturu. Ban ce masa komai ba sai "to". Na kai shekarun da labarin mutuwa ya daina ba ni mamaki, amma ban zaci ke za ki riga ni ba, Marvella, ke da na kusa haifa.

Lokacin da kika fara zuwa gidana, ni tsohon likitan dabbobi ne da ma'aikatar namun daji ta sallama. Na yi karatu mai zurfi a Vancouver, na ƙarar da ƙuruciyata ina harbin beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, da allurar barci daga jirgi mai saukar ungulu, muna ɗibar jininta don mu auna sinadarin damuwa a jikinta. Na sha rubuta wa manya cewa dabbar da aka kora da jirgi har ta faɗi, tsoronmu kawai za a gani a jininta. Aka ajiye rahotannin, daga baya ni ma aka ajiye ni. Kika same ni zaune a bakin ƙofa, kika ce, "Kawu, zaman nan bai ishe ka ba? Taso ka riƙe mini waya mai ƙaya. Ko ka manta komai, ai ba ka manta tsayuwa ba."

Aikinki ba shi da hayaniya. A kewaye bishiyoyi da waya mai ƙaya daidai gwiwa, a tara itace a tsakiya, a zuba masa ruwan kifin da ya shafe hunturu yana ruɓewa a ganga. Beyar ta biyo wari, ta kutsa ta ƙarƙashin wayar, ta bar gashi a ƙaya, ta tafi abinta, babu wanda ya taɓa ta. Gashin da take ɗauke da shi a watan Mayu bara ya tsiro, kuma duk wahalar da ta sha bara tana cikinsa. Duk inda muka sauka daga kwalekwale sai kin ɗaga murya kin ce wa beyar, "Kaka, mu ne, wucewa za mu yi." Na yi miki dariya a farko. Yanzu ni ma ina faɗa.

Da matata ta rasu, kowace Lahadi sai kin zo kin fitar da ni dole, kin zaunar da ni a teburinku gaban ƙyafaffen kifi da dankali, kina tsokanata har in ci. Abokan karatuna kuwa kati suka aiko.

Bara aka yanka hanyar motocin ɗibar katako ta cikin kwarinmu. Kamfanin katakon ya ce beyar ba su damu ba, kuma a watan Oktoba za a zauna a yanke ko hanyar za ta ƙarasa bakin kogi. Ba mu da wata shaida sai gashin nan, shi kuwa kafin ƙarshen Yuni zai zube, ruwan sama ya tafi da shi. Ma'aikatar namun daji ta aiko da furanni wajen jana'izarki, a makon kuma ta janye kwalekwalen da take ara miki.

Sai ga wata ɓarnar daga gida. 'Yan'uwan Cecil suna gyara tsakar gida saboda masu zaman makoki, suka ji warin gangarki a bayan rumfa, suka ce ba za a tarbi baƙi da wannan ba, suka juye ta a teku. Ban zarge su ba, mutunci suka so yi miki. Amma kifi ba ya ruɓewa haka a mako biyu, kuma in babu wari beyar ba za ta zo ba.

Washegarin binne ki Goggo Delphine, ƙanwar mahaifinki, ta shigo rungume da babbar kwalba. Mai ne mai ƙarfin wari, na ƙaramin kifin nan da ya daina hawowa koginmu, wanda danginta na arewa suka aiko mata, take ta ɓoyo. Cecil ya ce, "Goggo, ai wannan shi za a sa wa baƙi ranar walimar tunawa da ita."

Ta ce, "Su ci busasshen kifinsu haka nan, babu wanda zai mutu." Ta miƙo mini. "Karɓi, tsohon banza. Saura ka zubar a hanya da hannun nan naka mai rawa."

Da kwalekwalen su Cecil muka je, ni da shi. Gwiwoyina ba su kai ni rabin wuraren da kike kaiwa ba, man kuma muka riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan a kan itace. Da muka koma, mun tarar da gashi a ƙaya, baƙi da ruwan ƙasa, har da wurin da ke daf da sabuwar hanyar. Yana nan a ɗakina yana bushewa. Ko masu zaman Oktoba za su karanta abin da ya fito daga cikinsa, ban sani ba. Na san irinsu, da su na yi makaranta. Amma bana ba za su ce babu shaida ba.

Allah ya jiƙanki, Marvella, ya yafe miki kurakuranki, ya tausasa miki kamar yadda kika tausasa wa halittun da ba su da bakin gode miki. Cecil, Goggo Delphine, da dukan dangin Tallio, ina yi muku ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ni ma ya ba ni.