Mengia, Mai Sauraron Dutse

Shekara talatin da ɗaya, duk safiyar hunturu, kafin a buɗe gidan burodi Mengia Caduff ta riga ta ɗaura allunan zamiya a ƙafa, ta hau dutsen bayan ƙauyenmu da shebur a baya. Can sama take haƙa rami cikin dusar ƙanƙara, ta cusa yatsa hawa-hawa, ta kasa kunne. Sannan ta sauko ta rubuta a allon ƙofar coci: yau a hau, ko kar a hau. Bana ta yi ritaya.

Curdin, ɗan wanta mai yi wa baƙi jagora, ba ya gajiya da labarin wata ranar Fabrairu. Gari ya waye fes, ko iska babu. Ya taho da mutum shida za su ratsa gangaren arewa, suka iske ta durƙushe cikin raminta.

"Goggo, kabarin wa ake haƙa da sassafe haka?"

"Naka, in ka ƙara taku goma. Miƙo hannu."

Ta damƙo ƙanƙarar can ƙasan ramin ta zuba masa. Ta zurare ta tsakanin yatsunsa kamar sukari.

"Duk tulin ƙanƙarar da kake gani, a kan wannan yake zaune."

"Haba Goggo, mutanen nan daga nesa suka zo."

"To su koma nesan da ƙafafunsu."

Bai kai ga amsawa ba ƙasa ta yi wani nishi a ƙarƙashinsu, kamar ƙatuwar dabba ta juya cikin barci. Hankakin da ke biye da su suka watse. Wata siririyar tsaga ta fita daga bakin allon zamiyar Curdin, ta yi ta tafiya shiru a kan farin gangaren har ta ɓace wa ido. Mengia ta ce:

"Baya, ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya bi sawunsa."

Suna kaiwa kan tudu, ƙanƙarar gangaren ta zame gaba ɗaya. Da farar ƙurar ta lafa, ba hanya, ba itace, sai shiru. Sau uku Curdin ya ƙirga mutanensa.

Mengia, ke ce kunnen ƙauyen nan. Aikinki ba ya barin shaida, don ba mai lissafa jana'izar da ba a yi ba. Mun gode, mu da muke cin abinci yau da waɗanda, ba don ke ba, da yanzu muna kai wa kaburburansu furanni. Masu tasowa kuma, ku koyi irin "a'a" ɗinta, ku iya faɗa wa naku ita ido da ido.