Jegon Kundin Dona Osmarina

Dona Osmarina ce ta koya mini karatu. Ranar da na dawo Vila Tracajá daga Sikotland, inda na yi shekaru ina nazarin ruwa da kifi, na same ta a bakin tashar jirgin ruwa cikin masu tarba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Dakta, ashe ba sa ba ku abinci a can?" Tun daga ranar ba ta ƙara kirana Edivan ba.

'Yar masunci ce. An haife ta a gidan katako mai dogayen ƙafafu a cikin fadama, inda ruwa kan shigo har ƙarƙashin gado idan kogi ya cika. Ta fara koyarwa tun tana budurwa, domin ita kaɗai ce a yankinsu ta gama firamare. Digirinta na farko a hutun makaranta ta yi shi, kaɗan-kaɗan, tana goyon 'ya'ya. Lokacin da na dawo ta haura hamsin, ita ce shugabar makarantarmu, kuma babu abin da ake yi a garin ba da ita ba. Ita ke rubuta wa tsofaffi takardar fansho, ita ke raba faɗan ma'aurata, ita ke tsara zagayen bikin waliyyin gari.

Sai ga shi ta shiga digiri na biyu a wata jami'a a Santarém. Abin da take bincike a kai ya daɗe yana ci mata rai: kalandar makaranta a birni ake tsara ta, ba ta san cikar kogi ba, don haka 'ya'yan fadama kan rasa watanni duk shekara. Tana son ta faɗi wannan a inda za a saurare ta.

Jami'ar ta ba su zaɓi. Mutum zai iya zama a aji kullum, ko ya yi komai ta intanet, ko ya haɗa biyun. Ita ta ɗauki na haɗin: mako guda a Santarém duk bayan wata biyu, sauran a gida. Abin ya ɗaure mini kai. Tafiyar wuni da kwana ce a jirgin ruwa, ga gwiwarta tana damunta, ga faifan intanet an kafa a makaranta.

Na ce, "Malama, me zai hana ki yi duka a gida? Ni rabin karatuna a ɗaki na yi shi, gaban kwamfuta."

Ta ce, "Ɗakin nan naka, wa ke shigowa?"

"Babu kowa."

"Ko mai aron gishiri?"

"Ban ma san sunan maƙwabcina ba."

"Allah sarki," in ji ta, ta dafa kafaɗata kamar an yi mini rasuwa. "To ni gidana tasha ne, Dakta. A jirgi kuwa, da na ɗaura ragar lilon da nake barci a ciki na kwanta, babu wanda ya san ni. In karanta shafi hamsin ba wanda ya ce Dona Osmarina."

Takan dawo da labarin 'yan ajinsu, ni kuwa ina son ji. Akwai wata nas da ke jinyar mahaifinta, wadda ta ce in ba don intanet ba da ko kusa da digiri ba za ta zo ba. Akwai wani akawu da ya rantse cewa in ba idon malami a kansa, barci yake yi, ya koma zaman aji gaba ɗaya. Duk manya ne masu iyali, kuma na lura babu wanda ya zaɓa don ya fi son allo ko ya fi son na'ura. Kowa abin da ya baro a gida ne ya zaɓa masa.

A shekararta ta ƙarshe aka yi fari. Kogi ya janye har tudun yashi ya fito a inda muke kama manyan kifaye, manyan jirage suka daina zuwa. Jami'a ta mai da komai intanet. Saura mata babi biyu da gyaran sauran, kuma an riga an ƙara mata wa'adi sau ɗaya, lokacin da aka yi wa mijinta Seu Jurandir aikin ido. Malamar da ke duba aikinta ta gaya mata a fili cewa ba a ƙarawa sau biyu. In ba ta miƙa kundin a ƙarshen Nuwamba ba, za a cire sunanta, shekarun da ta yi su tafi a banza.

Ta ɗauki hutu daga makaranta. Na ja mata waya daga faifan makaranta zuwa ɗakinta, na saita kwamfutar, na ce abin da ya rage kawai ta rufe ƙofa ta yi rubutu.

Ta rufe. A garinmu kuwa ba a rufe ƙofa da rana sai in ciwo ya kwantar da wani ko an yi mutuwa. Kafin hantsi an tafa hannu a bakin shingenta, wanda shi ne sallamarmu, ya fi a ƙirga. Wata ta kawo ganyen shayi na hawan jini. Wata ta zo da tsohuwar da ke yi wa marasa lafiya addu'a. Zuwa tsakar rana labari ya kai bakin kogi cewa shanyewar jiki ce, har wani tsohon ɗalibinta ya bar kamun kifi ya zo yana hawaye. Duk wanda ya tafa hannu kuwa dole a amsa, a ba shi kujera, a zuba masa gahawa. Washegari ta buɗe ƙofar don a ga lafiyarta lau. Da aka ga tana gida, ba ta zuwa aiki, sai kowa ya tuna da takardar da yake son a rubuta masa.

Haka aka yi ta yi har Oktoba ya shigo. Wata ranar Lahadi bayan an taso daga coci na biya gidan, na tarar ta lulluɓe kwamfutar da mayafin tebur. Tana zaune a baranda tare da Dona Zuíla, maƙwabciyarta, wadda ta riƙe mata ɗan fari a wurin baftisma. Saboda haka suke kiran juna comadre. Dona Zuíla tsohuwar ungozoma ce, gajera, mai murya kamar ta mai tallar kifi.

Dona Osmarina ta ce mini, "Dakta, ka zo ka kwashe wayarka. Na haƙura."

"Malama, babi biyu ne fa."

"Ko shafi biyu ne. In kori mutane daga ƙofata? Uwata ba ta taɓa yi ba. Ranar da na faɗi, su za su ɗauke ni, ba jami'a ba."

Dona Zuíla ta ajiye kofinta. "Comadre, wannan abin naki, tun yaushe kike ɗauke da shi?"

"Shekara ta uku ke nan."

"Yana hana ki barci?"

"Ƙwarai."

"Yana sa ki ciwon baya? Kina yi wa Jurandir tsawa ba dalili?"

Daga cikin ragarsa Seu Jurandir ya ce, "Wannan kam ni ne shaida."

"To ai shi ke nan," in ji Dona Zuíla. "Na karɓi haihuwar rabin garin nan, na san alama. Daga gobe kin shiga jego. Kwana arba'in. Ni zan zauna miki."

Dona Osmarina ta yi dariya har ta share ido. "Ke comadre, da furfurata?"

"Furfurarki ta dame ki. Ƙofar mai jego kaɗai ake rufewa a garin nan ba wanda ya ji haushi."

Da safe sai ga Dona Zuíla da kujerarta ta roba da kwandon ɗinkinta, ta dasa a bakin ƙofa. Babu wanda aka yi wa ƙarya. Kowa ya san takarda ce ake haifa, amma da yake an kira abin da sunan da aka sani, kowa ya san abin da ya kamata ya yi. Mata suka raba girki a tsakaninsu. Wata ta ɗauki wanki, wata shara. Mai son a rubuta masa takarda aka turo shi wurina, na kuwa sha rubutu. Masu zuwa gaisuwa sukan tsaya a bakin shinge su tambaya da ƙaramar murya, "Ya mai jiki? Ya ɗan?" Dona Zuíla ta ce, "Yana girma. Jiya ya ƙara shafi shida."

Wanda ya sha wuya shi ne Seu Jurandir. An hana shi kunna rediyon ƙwallo a gida, sai ya riƙa ɗaukarsa zuwa inuwar mangwaro a bakin kogi, inda abokansa ke gyaran raga.

"Jurandir, ashe da sauranka! A wannan shekarun?"

"Ku bar ni, ni ma labari na ji."

"Da wa ya yi kama?"

"Da malamar Santarém," in ji shi. "Ni dai nawa sayen kaji."

Dona Zuíla ba ta yi jegon da wasa ba. Romon kaza da garin rogo safe da rana. Naman alade, kaguwa, da duk kifin da ba shi da ɓawo, ta haramta su, wai suna tayar da ciwo. Dona Osmarina kuwa ba abin da take so kamar soyayyen kifi marar ɓawo. Wata rana na shiga duba waya, na ji su ta taga.

"Comadre, kaina ne ke aiki, ba cikina ba!"

"Duk jiki ɗaya ne. Sha romonki."

"To gashina fa? Shi ma ba zan wanke ba?"

Dona Zuíla ta ce, "Gashi na yafe miki. Amma da ruwan ɗumi."

A tsakiyar jegon lokacin bikin waliyyi ya matso. Fada, limamin cocinmu, da kansa ya zo, ya tafa hannu, ya ce minti biyar kawai yake so, domin ba wanda ya san tsarin zagayen sai ita. Dona Zuíla ta miƙe ta sumbaci hannunsa, ta roƙi albarka, sa'an nan ta koma ta zauna ta tare ƙofar.

"Fada, kai ka taɓa haihuwa?"

"A'a, Dona Zuíla."

"To ka yi mata addu'a daga nan, tana ji."

An yi bikin ba da ita ba. An manta da kyandirori har sai da aka aika a guje, masu ganga suka shiga gaban masu waƙa, amma mutum-mutumin waliyyi ya zaga gari ya koma cocinsa lafiya. Daga baya ta gaya mini cewa ranar ce ta fi mata wuya. Tana jin ganga ta wuce ta bayan gidanta, ta ajiye rubutu ta yi kuka. Ta ce ba ta san ko kukan kewa ba ne, ko na ganin gari ya iya tafiya ba tare da ita ba. Da ta share fuska, sai ta rubuta shafukan da malamarta ta ce sun fi kowanne kyau a kundin.

Ta miƙa shi ana saura kwanaki wa'adi ya cika. Kogi bai dawo ba tukuna, don haka ta intanet aka sa ta kare shi. Da yake bisa ƙa'ida kowa na iya halarta, muka kai kwamfutar babban ajin makaranta, gari ya cika benci har tagogi. Malamai uku suka bayyana a hoton da aka haska a bango, kowanne daga garinsa. Sun yi mata tambayoyi masu zafi, ɗaya ma ya ce babinta na uku ya yi tsawo, ta amsa cewa gaskiya ne. Can wata daga cikinsu, ganin taron, ta tambaye ta ko bayan wannan fari ta koma son karatu daga gida.

Dona Osmarina ta ce, "Malama, ni har gobe jirgi na fi so, da aji, in ga fuskar mai koya mini. Karatu daga gida yana da kyau ga wanda gidansa zai bar shi. Ni nawa bai bar ni ba sai da mutanen nan suka ɗauke mini shi a kansu. Ga su nan, ku gan su."

Na juya kwamfutar ta fuskanci benci. Mutane suka daburce, wasu suka ɗaga hannu, Seu Jurandir ya cire hularsa. Malaman suka kashe na'urarsu don su yi shawara, suka dawo suka ce ta ci, da sharaɗin ta rage babi na uku.

Ana cikin rungume-rungume Dona Zuíla ta ratsa taron ta kamo hannunta.

"Comadre, kin gama?"

"Na gama, comadre. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Ba baki nake so ba, hannu nake so. Rogona ya isa cira tun makon jiya, na bar shi saboda ke. Gobe akwai gayya."

Washegari da na bi ta rumfar tuyar garin rogo, na hango Dona Osmarina zaune a kan kututture cikin mata, da wuƙa a hannu, tulin rogo a gabanta, ana ba ta labarin duk abin da ya faru a gari tun ranar da aka rufe ƙofa.