Jifa Inda Babu Kowa

Hannunsa na fara gani. Ranar da kamfani ya tura ni wani gida a unguwar Thumama ta birnin Doha in zama direbansu, matar gidan ta fito da kofin shayi a kan faranti, ƙafarta ta harɗe da bakin kafet, kofin ya zame. Mijinta yana zaune ya ba mu baya. Bai juyo ba. Hannu kawai ya miƙa ta gefe, kofin ya faɗa cikin tafinsa, shayin ya zubo masa a wuyan hannu, ya ajiye a kan tebur ko tsaki bai yi ba. Yatsunsa dogaye ne, biyu sun karkace kamar ɗorin da bai kama daidai ba, ɗaya kuma yana ɗauke da wani zobe mai nauyi.

Ni da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda muke haya a kasuwa mu ɓoye cikin littafin makaranta. Don haka kafin in kai mota na riga na tsara musu labari a raina: dogon baƙin mutum mai shiru, da mace mai idanun da suka gaji da kuka, sun gudo ƙasar Larabawa saboda dangi sun hana su aure. Washegari a hanyar makarantar da take koyarwa, Madam ta rushe mini labarin.

Ta ce mijinta ɗan wasa ne a ƙasarsu, Kanada. Ƙwallon nasu ba irin namu ba ne, dogo ne kamar gwanda, da hannu ake jifansa, shi kuma aikinsa ya ruga ya cafe. Ya shafe shekaru yana yi a cikin ƙanƙara da iska mai tsaga leɓe, an sha zaɓensa cikin gwanayen ƙasar, ƙungiyarsa ta ci kofi, zoben nan shi ne shaida. Amma duk lokacin da ya cafe, ƙarti ne suke afka masa da gudu. Kan ya sha duka. Yanzu yakan manta inda yake. Ta zo da shi Doha ne don ba ta yarda ta bar shi hannun wani ba.

Aikina da yamma shi ne in kai shi wani fili da ke bayan gidajen, ya yi gudunsa, domin idan bai yi ba, ba ya cin abinci. A ƙarshen filin akwai shingen kwano na masu gini, a bayan shingen kuma babban titi ne da manyan motoci ke bi. Ta ce abu ɗaya take roƙona, kada ya kai titin nan.

Filin fari ne fat, ba ciyawa, ba ko kyanwa. Oga yakan ja layi a ƙasa da dunduniyarsa, ya koma baya, ya taho da gudu ya tsallake layin. Ya taɓa gaya mini, yana murmushi, cewa a ƙasarsu an yarda mai cafewa ya ɗauko gudunsa tun kafin a fara wasa, kuma shi ba a taɓa samun wanda ya iya auna wannan lokacin kamarsa ba. Idan ya yi nisa sai ya karya kwana, ya waiwayo ta kan kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu sama. Ba abin da ke zuwa. Sai ya ci gaba da gudu yana waiwaye, har kwanon ya tare shi ya yi ƙara.

Madam ta saka ƙwallo a but ɗin mota. Ta ce in riƙa jefa masa, domin da zarar ƙwallo ya shiga hannunsa yake tsayawa, haka jikinsa ya saba. Shi kuma ya koya mini yadda ake yi. Ya nuna wani wuri can a tsakiyar filin.

"Kada ka jefo mini," ya ce. "Ka jefa can, inda babu kowa. Zan iso."

A nan na tsaya. Kakata ce ta raine ni, kuma a gidanta ba a watsa ruwan zafi a tsakar gida, ba a jifa cikin kango ko fili idan rana ta yi sanyi, saboda ba ka san ɗan wa za ka samu ba a cikin waɗanda ba ma gani. Na taɓa ganin yaron maƙwabta da bakinsa ya karkace, aka ce jifa ya yi da magariba. Ga shi lokacin gudun Oga tsakanin la'asar ne da magariba. Sai na riƙa jira ya juyo in jefa masa a ƙirji daga kusa. Yakan bar ƙwallon ya faɗi, ya dube ni kamar na ba shi abinci ba gishiri. Bayan wasu kwanaki ya dafa kafaɗata ya ce in huta, akwai mai jefa masa.

Na tambayi Madam. Ta ce abokinsa ne da suka yi wasa tare tun suna samari, shi ne mai jifa a ƙungiyarsu. Ya rasu da daɗewa, kuma ta gaji da gaya masa, domin kowane lokaci kamar ranar ya fara ji.

A unguwar Mansura nake kwana, ɗaki ɗaya da wani ɗan Zangon Kumasi mai gadi a wani kanti. Da na ba shi labari yana cin shinkafa, dariya ta kusa shaƙe shi.

"Ɗan'uwa, su ma aljanun biza suka yanka suka biyo ka? Wa ye kafilinsu da ya tsaya musu?"

Na ce masa filin nan ko tsuntsu ba ya sauka. Ya ce tsuntsu yana da hankali, me zai ci a cikin tsakuwa. Ya ce in jefa wa bawan Allah ƙwallonsa kawai, in daina karatun littattafan da ke lalata mini kai. Amma da safe na ga ya tofa addu'a a kan makullin motata kafin ya miƙo mini.

Da sanyi ya shigo na fara jin wata ƙara. Oga zai ɗaga hannu, sai in ji tas, irin ƙarar fata idan ta bugi tafi. A irin wannan ranar ba ya kaiwa shinge. Yakan rungume ƙirjinsa ya rage gudu, ya dawo fuskarsa a sake kamar wanda ya gana da masoyi. Na ce wa kaina tafi yake yi. Na zuba ido sosai, ban taɓa ganin tafukan sun haɗu ba. Wasu ranakun kuma ba a jin komai, sai kwanon.

Wata yamma muka zo sama ta yi fari kamar toka. Ina fito da ruwansa daga mota, shi kuma ya riga ya ja layi. Sai da ya tsallake layin na ɗaga kai na hango motoci suna wucewa a kan titi. Masu gini sun kwashe shingen. Daga inda nake har kwalta babu komai.

Na kira shi, bai ji ba. Na san ba zan cim masa ba, ko a shekarunsa ya fi ni gudu nesa. Ya karya kwana, ya waiwayo, ya ɗaga hannu, ba abin da ya zo. Ya ci gaba, idonsa a baya, ƙafafunsa suna nufar titi. Na ɗauko ƙwallon daga but. Na yi bismilla, na ce wa duk wanda ke wurin ya yi haƙuri ya kauce, na jefa da iya ƙarfina inda babu kowa.

Jifan direba ne. Ƙwallon ya yi ta juyi a iska, ya faɗi ko rabin hanya bai kai ba, ya gangara ya kwanta. Oga bai ko kalle shi ba. Can sama yake kallo, ta bayan kaina. Ya yi tsalle ya miƙe gaba ɗaya, na ji tas, ya faɗo da gwiwa a kan dakalin bakin titi. Wata tankar ruwa ta wuce tana hon, iskarta ta kaɗa masa riga.

Da na iso yana durƙushe ya rungume ƙirji. Ya buɗe hannuwansa a hankali, ba komai a ciki, tafukan sun yi ja. Yana haki yana dariya.

"Yau ya makara," ya ce.

Sannan ya kalli bayana ya gyaɗa kai, yadda ake yi wa wanda aka sani. Ban juya ba. Na kama hannunsa muka bi gefen titi muka zagaya zuwa mota, ƙwallon kuma na bar shi a inda ya faɗi.

Na gaya wa Madam komai a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ta wace kafaɗa ya waiwaya, na ce ta hagu. Ta ce abokin ta nan yake jefa masa kullum. Daga ranar ba mu koma filin ba, kuma da zangon karatu ya ƙare suka tattara suka tafi.

Shekaru sun wuce, na bar aikin gidaje na koma tuƙin tasi. Da wata ƙaramar salla Madam ta aiko mini da saƙon murya tana mini barka. Ta ce suna wani ƙaramin gari kusa da inda aka haife shi, ta bar koyarwa tana jinyarsa. Yana raye, yana cin abinci sosai, yana son a kunna masa rediyo. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, a keke take tura shi. Ta ce yanzu tana iya barin ƙofar gida a buɗe ta shiga wanka.