Makon da Uwar Murhu Ba Ta Gida

A ƙauyenmu, can gabashin tsibirin Jeju, ba wanda ke kiran Bu Okhwa da sunanta. Uwar Sangpil ake ce mata, har yaran da ba su taɓa ganin Sangpil ɗin ba. Tsohuwa ce 'yar firit, bayanta ya ranƙwafa, amma in ta ƙwala kira sai ya ƙetare gonaki, ko da iskar teku na ta hauka.

An kawo ta gidan tun zamanin rufin ciyawa, wanda ake ɗaure wa da igiyoyi kamar kayan jaki don kada guguwa ta yi gaba da shi. Ƙasarmu ba ta riƙe ruwa. Sama ta kwana tana zuba, gari na wayewa baƙin dutse ya shanye tas, shi ya sa shinkafa sai biki ko ranar tunawa da mamata. Da sha'ir da gero da dankali ta raini ɗanta, ita kaɗai. Duk dutsen da garma ta tono sai ta ɗora shi a katanga, ba laka ba siminti, ta bar 'yan kafofi iska ta wuce abinta. Daga baya lemo ya shigo gari. Itatuwan lemonta su suka kai Sangpil jami'a, su ne kuma suka raba ta da shi, don tun da ya ɗanɗana birni bai ƙara zuwa ba sai da ziyara.

Wallahi ina kewar wancan zamani, duk da wuyarsa. Da yamma hayaƙi na tashi daga kowane gida, dutsen Halla ya yi farin rawani da ƙanƙara, mata na dawowa daga bakin teku da ganyen ruwa a goye suna zagin iska. Tsohuwa a tsibirin nan ba ta cin tukunyar suruka muddin hannunta na iya ɗaga ludayi, kuma Okhwa ta riƙe wannan da haƙoranta.

Sai ga shi wata damina ta zame a tsakar gida, ƙugu ya goce. Sangpil ya ce magana ta ƙare, za ta koma wurinsa a bene, cikin birni.

"To," in ji ta, "sai Singugan."

Bai yi musu ba, shi ma ɗan tsibirin ne. Mako guda ne a ƙarshen sanyi, lokacin da allolin gida, na ƙofa da na murhu da na bayan gida, suke hawa sama su kai rahoton shekara. A makon nan kaɗai ake tashi daga gida ko a taɓa gini. Wanda ya yi a gaban idonsu, ya jawo wa kansa ciwo.

Singugan na farko ta ce lemo bai gama tsinkuwa ba. Na biyu ta ce ƙafa ce ta motsa. Mai hali ba ya fasa halinsa, don haka a na uku Sangpil bai tambaye ta ba, sai ganinsa ta yi da motar kwasar kaya a ranar ƙarshe ta makon.

Maƙwabcinta tsoho Yang Dubong ya jingina da katanga yana kallo ana fitar da tulunan daddawar waken suya.

"Uwar Sangpil, ashe bene za a hau! To a can ina za ki shanya ganyen ruwa, kan eriya?"

"Kai dai rufe bakinka, kada iska ta ɗebe haƙora biyun da suka rage maka."

Aka loda akwati, aka loda tuluna da barguna. Da Sangpil ya leƙa madafa sai ya tarar da ita zaune a gaban murhu, ta ware ƙaramar tukunya da tabarma da bargo guda.

"Inna, taso mu tafi, direba na jira."

"Ku tafi da kayan. Ni sai jibi."

"Jibi? Ai jibi allolin sun dawo! Ke da kika yi ta ja mini rai da maganar makon nan, yanzu ke ce za ki bari ya wuce?"

Dubong ya ji, dariyar ta ɗauke masa, ya tako har bakin madafa. "Haba, ke kuwa. Kin manta surukar gidan Kang da ta gyara murhu ba a lokaci ba? Wuyanta a karkace ya wuni ya kwana har bazara. Ki fita yau, tun ba sa nan."

"Abin da ya hana ni ke nan," in ji ta. "Ba sa nan."

Ta juyo ga ɗanta ta ci gaba.

"Ranar da ubanka ya tafi Osaka neman aiki, ina bakin teku. Bai iya haɗa ido da ni ba, sai ya jira na fita. Na dawo da kaya a baya, tun daga ƙofa nake kiransa in ce ya zo ya sauke ni. Na shiga ɗaki, na fito, na zaga baya, har garken alade na leƙa. Ina kira, kai kana kuka." Ta share hanci da bayan hannu. "Tun ina amarya nake ajiye wa Uwar Murhu ruwa kowace safiya, ita kuma tana ba ni wuta. Ranar da ba sha'ir a gidan nan ma ba ta guje ni ba. Shi ne zan sulale ta dawo tana bin ɗaki-ɗaki tana nemana? In fushi za ta yi, ta yi a idona."

Sangpil bai taɓa jin labarin nan ba. Ya fita ya sallami direba da kayan. Shi bai bi motar ba. Dubong ya koma gida yana girgiza kai, can sai ga shi da bargo na biyu da dafaffen dankali, yana mita a kan taurin kan mata.

Da jibin ta zo, makon ya wuce, da sanyin safiya Okhwa ta share madafa fes duk da ba komai a cikinta. Ta hura wuta, ta cika kwano da ruwa ta ajiye a mazauninsa. Tsoro take ji, ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa da ƙyar, ƙugun na ƙara, ɗanta na tsaye a bakin ƙofa.

"Sannu da hanya, Uwa," ta ce. "Kin dawo kin same ni. Zauna ki huta tukuna, akwai maganar da zan faɗa miki, kuma na fi so ki ji ta daga bakina."