Muryar da Yaya Ya Sani

A zamanin da in ka ɗaga kan waya mutum ne zai amsa maka, ba inji ba, muryarta ake fara ji. Tana zaune a ofishin wayar tarho gaban wani allo mai ramuka, abin sauraro a kunne, ta zare wannan igiya ta soka waccan. Shi ya sa har ta tsufa ba mai kiranta da sunan yanka. Halo ake ce mata, kalmar da take fara amsa waya da ita, har jikokinta. Wanta kaɗai ke ce mata Auta.

Ita da abokan aikinta, koya musu muryar aka yi. Shugabarsu takan sa su ɗora yatsu a maƙogwaro su ji yadda yake kaɗawa. In mai kira ya zo da faɗa, a sassauta murya. In tsoho ne, a ja magana a hankali. Ita har ta kai daga numfashin mutum take gane ko haihuwa zai sanar ko rasuwa. Abu ɗaya aka hana su, shi ne tsaki, ita kuwa da shi aka haife ta. Sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta ja abinta dogo mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, sannan ta buɗe ta ce, "Na'am, ranka ya daɗe, wace lamba?"

Bayan an kwashe allon an sallame su, wan nata ya dawo gidanta da zama. Tela ne a da, amma idanu sun tafi, tunani ma ya fara raurawa. Da kunne yake sanin mutane, kuma ba ya karɓar abinci ko magani sai daga hannun Auta.

Sai maƙoƙo ya fito mata, aka yi aiki aka cire. Da ta farfaɗo ta buɗe baki, iska kawai ta fita. Likita ya ce jijiyar da ke motsa tantanin murya ce ta taɓu, iska na wucewa amma ba ta kaɗa komai. Wataƙila ta dawo, wataƙila a'a. Halo ta ɗora yatsu a maƙogwaro yadda aka koya mata, ta ji shiru.

Da aka sallamo ta gida, ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce ɗakin wan nata. 'Yarta, wadda ta riƙe gidan, ta biyo ta tana cewa, "Mama, tun da kika tafi shayi kawai yake kurɓa. Ƙwayar maganin ma tofarwa yake yi. Dubi ƙafafunsa."

Sun kumbura kuwa. Halo ta durƙusa gaban kujerarsa, ta ce cikin raɗa, "Yaya, na dawo."

"Wace ce wannan?"

"Kawu, Mama ce," in ji 'yar.

"Ke, ni za ki yi wa wayo? Uwarki in ta yi sallama sai maƙwabta sun amsa. Wannan kuwa kamar taya ta yi faci."

Ta kama hannunsa ta ɗora a fuskarta. Ya shafa, ya janye. "Ƙanwata ba ƙashi ba ce zalla. Ku dai faɗa mini gaskiya, in ta rasu ta rasu. Ni ba yaro ba ne."

Daga nan zama ya gagare ta. Ta shiga kicin ta fito, ta gyara labule, ta koma ta sake gyara shi. Ta tsaya gaban madubi tana ƙoƙarin cewa "aaa", sai huci. Ta sha ruwan ɗumi da zuma har ya gundure ta. Ta dawo ta raɗa masa labarin ranar da ya ɗinka mata rigar zuwa aiki, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Wannan ai kowa ya sani," ya ce. "Ita da bakinta ta yaɗa ni a gari. Baiwar Allah, nawa suka ce za su ba ki?"

Likita ya aiko cewa in bai ci abinci ya sha maganinsa ba, sai an kwantar da shi an sa masa ruwa. Halo ta san wanta. In aka kai shi inda duk muryoyin baƙi ne, da wuya ya dawo.

Da hantsi ta ɗauko farantin abinci, ƙwayar a gefe. Ta ɗebo a cokali ta kai bakinsa. Ya kau da kai. Ta zagaya ta ɗaya gefen, ya sake kaucewa. Da ta matsa, ya kaɗe cokalin, abincin ya zube mata a zane.

"Na ce a kira mini Auta!"

Ta dubi zanen, ta dubi tsohon nan mai taurin kai da ta bar gadon asibiti tana tunaninsa. Ranta ya ɓaci, ba kuma muryar da za ta yi faɗa da ita. Ba ta san lokacin da ta ja tsaki ba, dogo, da lanƙwasarsa a ƙarshe. Shi tsaki ba ruwansa da maƙogwaro, harshe ne da haƙora, kuma wuƙar likita ba ta je can ba.

Tsohon ya yi cak. Ya karkato kunne.

"Wa kike yi wa tsaki?"

Ta ƙara jan wani.

"Auta! Ke ce? Tun kina tatata nake hana ki wannan rashin kunyar, har yau ba ki daina ba?" Ya lalubo hannunta ya riƙe gam. "Me suka yi miki a wuya? Kuma kina ji ina ta nemanki kika yi shiru?"

'Yar ta tsaya a bakin ƙofa, dariya da hawaye sun haɗe mata. Halo ta tsinci cokalin ta goge, ta miƙa masa ƙwayar tukuna. Ya haɗiye, ya buɗe baki.

Muryar ba ta dawo sosai ba. Amma tun daga ranar, in za ta shiga ɗakinsa, takan raɗa sallama don Allah ya ji, sannan ta ja tsaki don Yaya. Shi kuma ya ce, "Shigo, marar kunya. Me aka dafa?"